Gorar iska ta kamun kifi: na gwada ta a ruwan sanyin Kolorado, ga gaskiyar abin da na gani

Bari in fara da hukuncin don masu gaggawa. Gorar tana da kyau, kuɗina bai tafi a banza ba, amma duk wanda ya ce maka da ita kaɗai za ka faɗa tafki a watan Afrilu a nan jihar Kolorado ta Amurka wallahi ba masoyinka ba ne. Kuɗinta kaɗan ne in ka kwatanta da jimillar sauran kayan da za ka buƙata, kuma ita ce ba za ta ba ka ciwon kai sosai ba, sauran tarkacen da ba a rubuta a jikin kwali ba su ne za su cinye maka aljihu.

Ga wanda bai san abun ba, a kantunan nan fulot tiyub suke ce mata. Kujera ce da aka kewaye da tif mai iska, ka zauna a kai ƙafafunka na cikin ruwa daga gwiwa zuwa ƙasa, ka sa dogon wandon roba da ruwa ba ya ratsawa, ka ɗaura takalmin iyo mai faɗi irin na masu nutso, sai ka dinga harbawa kana tafiya da baya. Eh, da baya ake tafiya, ba ka ganin inda ka dosa sai ka waiga. Hannayenka biyu kuma suna kan sandar fatsa, abin da ya sa mutane ke son ta kenan, babu filafili da zai raba maka hankali. Asalinta tif ɗin tayar babbar mota ne Amurkawa suke lulluɓewa da tamfol su zauna a tsakiya, tun wajen shekarun 1940 wani kamfani a Arkansas mai suna Tucker Duck and Rubber ya fara ɗinka su yana sayarwa. Waɗancan zagayayyu ne, mutum na nutse har ƙirji, kuma in ta kife da kai fitowa aiki ne. Na yanzu gabansu a buɗe yake, wasu siffar U wasu siffar V. Tawa mai V ce.

Ranar da na hura ta a falo na kira kawuna ta bidiyo, shi tsohon masunci ne a can wajen Argungu, ya ƙura mata ido ya ce juya ta in ga bayan, na juya, sai ya fashe da dariya ya ce "ɗana ai wannan gora ce, mu kwanciya muke a kan tamu da homa a hannu, ku kuma an yi muku kujera an karɓi kuɗinku." Na ce kawu ai tamu har aljihu gare ta. Ya ce tasu ma tana da baki ana zuba kifi a ciki. Ban ƙara magana ba don ya fi ni gaskiya.

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don irin waɗannan da yawansu kamanninsu ɗaya sai tambari ya bambanta, kuma akwai abubuwan da zan kushe. Ta intanet na saye ta, ba ta kai dala 200 ba har da kuɗin kawowa. Manyan sunaye da za ka fi gani a bakin ruwa su ne irin su Fish Cat na kamfanin Outcast da kuma Caddis, tawa ba ta cikinsu, ta masu lallaɓa aljihu ce.

Abin da ke cikin kwalin: rigar waje ta nailan mai kauri wadda aka shafa wa ƙasanta roba, tif biyu na hagu da na dama kowanne da bawul ɗinsa, kujera da majingina na soso mai tauri, wata 'yar raga da ake shimfiɗawa a kan cinya mai zanen inci a jiki don auna kifi, sanda ɗaya da ke riƙe bakin gaban kada ya tsuke, igiyoyin goyo, ɗan famfon hannu, faci guda biyu babu gam, da takalmin iyo da suka ce kyauta ne. Sun rubuta tana ɗaukar kilo 136, ita kanta nauyinta bai fi kilo 6 da 'yan kai ba. Takardar bayanin kuwa shafi ɗaya ce da zane mara kan gado, da ita gara babu.

Maganar tif biyu ɗin nan kada ka raina ta. In ƙugiya ta huda ɗaya, ɗayan da soson kujera za su riƙe ka har ka lallaɓa gaɓa, a karkace dai amma za ka kai. Akwai masu arahar da ta fi wannan da tif ɗaya tal, ni dai ko kyauta aka ba ni ba zan shiga ruwan ƙanƙara da ita ba.

Ɗinkin ya ba ni mamaki gaskiya, layi biyu ne wasu wuraren uku, na ja na murɗa ban ga zare ya saki ba. Zif ɗin aljihunan ne dai na roba marasa ƙarfi, in yatsunka sun daskare kamawa ma wahala ce, sai da na ɗaura wa kowanne 'yar igiya mai kulli. Aljihunan manya ne, akwatin ƙugiyoyi biyu da fulas ɗin shayi da dabino da safar hannu duk sun shige ɗaya, amma fa ba sa hana ruwa shiga ko kaɗan duk da hoton talla ya nuna mutum ya jefa wayarsa ciki yana murmushi. Sa wayarka a leda mai zif ka rataya a wuya, makullin mota ma haka.

Yanzu maganar iska, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wannan jihar kuma takardarsu ko kalma ɗaya ba ta ce ba. Ni a Aurora nake, gefen Denba, tsayin wurin daga teku kusan mita 1,600. Tafkin da kowa ke rububi a farkon shekara shi ne Spinney Mountain, can cikin kwarin South Park kusa da wani ƙauye Hartsel, tafiyar awa biyu da ɗoriya, shi kuma yana kan kusan mita 2,650, kuma in ka bi titi mai lamba 285 sai ka haura Kenosha Pass wanda ya ɗan zarce mita 3,000. Duk hawan da ka yi iskar waje na raguwa, ta cikin gora kuma tana nan yadda ka dura ta, sai ta dinga kumbura. Tsakanin Denba da saman Kenosha bambancin matsin iska ya kai kusan psi 2, ita kuma gorar gaba ɗaya abin da ake hura mata bai wuce psi 2 zuwa 3 ba, to lissafa da kanka. Wani dattijo Bature da muke yawan haɗuwa a wurin ajiye motoci shi ya fara ja min kunne, ya ce ya sha ganin mutane sun buɗe but ɗin mota sun tarar da ɗinki ya yage tun ba su ga ruwa ba. Don haka a gida rabi nake hurawa, in na isa in cika. Sai kuma kishiyar hakan: ka cika ta tam a bakin ruwa, ka saka ta a ruwa mai digiri 4 ko 5, cikin minti goma iskar ciki ta huce ta tsuke sai ka ji gorar ta yi laɓo-laɓo kana nutsewa a hankali, ba hudewa ta yi ba. Dabarar ita ce ka jefa ta a ruwa ta sha sanyi yayin da kake saka wando da takalmi, sannan ka jawo ta ka ƙara mata iska. In ka fito cin abinci ka bar ta a rana kuma ka ɗan sassauta bawul.

Bawul ɗin irin mai murfi biyu ne, na ƙasa na sakin iska na sama na hurawa. Yana aiki, sai dai na ɓangaren dama in ba ka daidaita zaren murfin ba yana hawa a karkace ya dinga tsiyayar da iska shiru-shiru, sai ka tofa ɗan yawu a bakin ka ga ko zai yi kumfa kafin ka yarda da shi. Famfon da suka haɗo na wasan yara ne, na sayi mai hurawa sama da ƙasa, minti biyar an gama.

Takalmin iyon kyautar nan kuwa, araha ba ta ado. Roba ce mai laushi, kana harbawa tana lanƙwashewa ba ta tura ruwa, igiyar dunduniya kuma tana zamewa daga kan takalmin da ke ƙafata. Na gwada su a Quincy, ƙaramin tafkin da ke cikin garin Aurora wanda ake buɗewa 1 ga Maris, a nan na gane ba za su kai ni ko'ina ba in iska ta taso, na ajiye su na sayi na kirki masu tauri da ake ɗaurawa a kan takalmi, na kuma sa musu igiyar da ke kama idon sawu don in ɗaya ya suɓuce a tsakiyar tafki sai dai ka yi ta zagaye wuri ɗaya. Kuɗin nagarin ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gorar. Su daina cewa kyauta, su rage farashi kawai.

Shiga ruwa ma sai an koya. Ba a tafiya gaba da takalmin nan, bakinsa zai kafe a laka ka kifa da fuska. Ka ajiye gorar a ruwa iya gwiwa, ka juya mata baya, ka ja da baya a hankali ka zauna, ka maƙala sandar gaban, ka shimfiɗa ragar, shikenan. A nan siffar V ta burge ni, tsinin yana bayanka wato ta inda kake tafiya, yana yanka ruwa maimakon ya tura shi, kuma kujerar a sama take, ɗuwawunka kusan ba ya taɓa ruwa. A watan Yuli wannan ba wani abu ba ne, amma a Afrilu shi ne bambancin wanda zai yi awa huɗu da wanda zai gudu mota bayan minti arba'in. Abin da ya ɓata min rai da kujerar shi ne igiyoyin majinginar, maƙallansu ba sa riƙewa, kana zaune daidai bayan rabin awa sai ka ga ka kishingiɗa kana kallon sama, ka ja su ka gyara su sake sakewa. A ƙarshe kulli na yi musu na dindindin a inda ya dace da bayana.

To sanyi. 'Yan uwa ku saurare ni a nan don mu da muka taso a inda ruwan randa shi ne ƙarshen sanyi ba mu san wannan abun ba. Ƙanƙara na narkewa ruwan yana wajen digiri 4, ƙafafunka kuma suna ciki tsawon yini. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki 25 ko kusa da haka. Wandon roba sirara irin na lokacin zafi ba zai yi ba sai ka jera kaya a ciki, ni mai kaurin milimita 5 na niyofirin, wata roba mai kama da soso, nake sawa, a ciki dogon wando na ulu, safa sirara sannan ta ulu mai kauri a kai. Auduga kam ko singileti kada ka sa, tana shan gumi ta riƙe ta koma sanyaya ka. Kuma kada ka cusa safa uku ka matse ƙafa a takalmi, jini ba zai zagaya ba, sai ka fi wanda ya sa ɗaya jin sanyi. Duk da haka bayan awa biyu yatsun ƙafa sukan daina amsawa, a nan sai in fito in taka ƙasa in sha shayi.

Rigar ceto ba ta cikin kwalin, kuma ita ce abu na farko da ya kamata ka saya. Akwai wani masani da ya yi farfesa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, da ya yi suna kan binciken faɗawa ruwan sanyi, shi ya yaɗa ƙa'idar 1-10-1: minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwace maka kana haki ba da sonka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin ka shaƙa, sai kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka aiki kafin su mutu, sai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai, wannan awar kuma sai wanda ke da abin da zai riƙe shi a sama zai gan ta. Iya iyo ba ya ceto a nan, ko a Kogin Kwara aka yanke maka cibiya. Sanye za ka yi da ita, ba ɗaurewa a bayan kujera ba yadda nake ganin wasu na yi. Ka ɗaura bel a ƙugun wandon, ka rataya usur. Uwargida ma sharaɗin da ta kafa kenan kafin ta yarda a sayi gorar, ta ce "Baban yara, in babu rigar nan to a mayar musu da kayansu," kuma ba na zuwa ni kaɗai.

Wani abu da babu mai faɗa maka: fitsari. Shayi da sanyi in sun haɗu ka san sauran, kai kuma kana nesa da gaɓa cikin wando har ƙirji da rigar ceto a kai da jaket. Tun kana jin alama ka kama hanya. Ni na mayar da shi tsari, in fito wajen azahar, in yi uzuri, in yi alwala da ruwan ɗumi da nake ajiyewa a fulas na biyu, in yi salla a gefen mota ta ɓangaren da ke kare iska, ƙafa ta dawo hayyacinta, sannan in duba ko ruwan zai sake shiguwa.

Sau da yawa ba ya shiguwa, saboda iska. South Park fili ne fetal tsakanin duwatsu babu bishiyar da za ta tare komai, da safe ruwan lumui, wajen ƙarfe sha ɗaya sai ka ga can nesa ya fara yin duhu-duhu yana tahowa, kafin ka naɗe zare igiyar ruwa ta fara dukan bayanka. Zaman sama da na yaba ɗazu a nan yake juya maka, don iska ta fi samun abin turawa. Gorar nan ko da takalmi mai kyau ba ta kai saurin mai tafiya a ƙasa ba, in iska ta fi ƙarfinka kada ka yi gardama da ita har cinyarka ta ɗaure, ka bar ta ta kai ka gaɓar da ta nufa ka fito ka goya gorar ka taka. Igiyoyin goyon sun yi min rana a nan, duk da sirara ne suna cin kafaɗa. Abin da na koya wurin dattijon nan, da ɗan gari akan ci gari, shi ne tun da safe ka nufi ɓangaren da iskar za ta fito, galibi yamma, don in ta taso ta koro ka wajen motarka. Kuma a Spinney ana barin jiragen inji, kai kuma a ƙasa kake ƙwarai, gorar tawa ruwan toka ce mai ɗan lemu kaɗan a baya, bai isa ba, hula mai launin lemu nake sawa.

To kifin fa, ana kamawa? Ana kamawa, amma bari in faɗi abin da mai talla ba zai faɗa ba. A kwanakin farko bayan an buɗe tafkin, wanda yawanci cikin Afrilu ne gwargwadon ranar da ƙanƙara ta tafi, ba ka ma buƙatar gora. Spinney ba a yarda a yi kamun kifi a kan ƙanƙararsa ba, wato kifin ya yi watanni bai ga ƙugiya ba, ga yunwa, ga manyan kifayen da suke kira tirawut masu jan gefe suna bin bakin gaɓa suna neman tsakuwar da za su zuba ƙwai. A lokacin na tsaye a kan duwatsu yana kamawa daidai da kai ko ya fi ka, ƙafarsa kuma a bushe. Abin da gora ke ba ka a ranakun nan kawai shi ne tsira daga cunkoso, don layin motoci tun kafin asuba yake farawa a ƙofa, gaɓa kuma kafaɗa da kafaɗa.

Bayan sati biyu zuwa uku ne kuɗinka ke fara dawowa. Ruwa a digiri 4 ya fi nauyi, don haka in saman ya kai wannan zafin sai tafkin gaba ɗaya ya gauraya sama da ƙasa, wani lokaci ya ɗan yi dauɗa kifi ya yi shiru na 'yan kwanaki, daga nan sai ya washe, kifin ya ja baya zuwa inda ƙasa ke gangarawa da kan ciyayin ƙarƙashin ruwa, zurfin mita 2 zuwa 5, inda jifan na gaɓa ba ya kaiwa. A nan abincinsu yake, ƙananan jatan lande na cikin ciyawa waɗanda su ne ke sa kifin tafkin nan ƙiba, da matsattsaku, da tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda shi ne ke fara ƙyanƙyashewa a shekara. Kai kuma ga ka zaune a kansu shiru, babu ƙarar inji babu ƙwanƙwasar jirgi.

Hanya biyu nake bi. Ta farko ta malalata ce kuma tana aiki: zare mai nutsewa a hankali, ƙugiya mai gashi baƙi ko kore-kore mai siffar matsattsaku, ka saki zare mai tsawo ka dinga harba ƙafa sannu-sannu kana bin layin gangaren, kana ɗan fizga lokaci-lokaci. A ruwan sanyi kifi ba ya son gudu, in kana ganin kana tafiya a hankali to ƙara ragewa. Wannan harbawar kuma tana ɗumama jiki. Ta biyu ita ce ta ɗan toton alama: ka maƙala ɗan almakashin cire ƙugiya a ƙarshen zaren ka sake shi har ya taɓa ƙasa don ka san zurfin, sai ka ɗaura toton yadda ƙugiyar mai siffar tsutsa za ta rataya kamar taƙi ɗaya ko biyu sama da ƙasa, ka jefa, ka zuba ido. A nan gorar ta nuna amfaninta da kasawarta lokaci ɗaya, da ƙafa kana iya riƙe wuri in iska kaɗan ce kana juyawa duk inda kake so ba tare da ka saki sanda ba, amma babu anka a kayan kuma zoben da ya kamata a ɗaura ta a gefe yake maimakon a tsinin baya, sai gorar ta dinga ba igiyar ruwa gefe. Ƙaramin buhun raga nake cikawa da duwatsu a bakin ruwa in ɗaura a madaurin baya. Masu sandar da ake jifa ana naɗo zare kuma suna samu da ɗan ƙarfe mai ƙugiya mai kama da cokali, irin wanda ake kira Kastmaster. Sa tana ko duk wani abincin gaske a ƙugiya haramun ne a Spinney da Quincy, na roba da na gashi kawai.

Babban da na kama a kanta, toton bai ma nutse ba, gefe kawai ya ɗan gusa kamar an hura shi, na ɗaga sanda sai na ji kamar na kama gindin bishiya, sannan bishiyar ta fara tafiya. Abin da ban taɓa ji a gaɓa ba shi ne kifi ya ja ka, gorar ta juya da kanta ta bi shi, ya yi ƙasa ya dawo ya wuce ta tsakanin ƙafafuna sai da na ɗaga takalmi ɗaya sama na zagaya da sandar ta gaba, ruwa na zubo min ta hannun riga har gwiwar hannu. Da ya gaji ya kwanta a gefe na ga jan layin nan daga kumatu har wutsiya da ɗige-ɗigen baƙi a bayansa, a matakin idona, don a gora kai da kifi kusan tsayinku ɗaya. Na ɗora shi a ragar cinya sai ga wani abin haushi, zanen ma'aunin a inci 18 ya ƙare, dokar tafkin kuma kifi ɗaya tak ake ɗauka kuma sai ya kai inci 20, wutsiyarsa ta wuce zanen amma da nawa? Kifi na ganinka mai jar koma, ma'aikatan gandun da tafkin ke ciki kuma tef gare su ba zane ba. Na sake shi. Yanzu na sa alamar inci 20 da fenti a jikin sandar komata. Koma mai doguwar ƙota ka nema, ta raga mai laushi, kuma ka danne ƙayar ƙugiyarka da filaya, ya fi sauƙin cirewa daga bakin kifi, daga yatsa, da kuma daga rigar gora. Akwai kuma wani dogon kifi mai haƙora da suke kira fayik a tafkin, shi kam ban yarda ya hau min cinya ba.

Kuɗin da ke biyo baya, don kada a ce ban faɗa ba: wando, takalmin da ake sawa a kansa, takalmin iyo, rigar ceto, famfo, kayan ulu, koma. Ni da na tara rasit sun ninka kuɗin gorar fiye da sau biyu, ban ma sa sanda da zare ba. Sai lasin kamun kifi na hukumar Colorado Parks and Wildlife wanda duk ɗan shekara 16 zuwa sama sai da shi, na shekara yana aiki daga 1 ga Maris har ƙarshen Maris na baɗi, sai kuɗin shiga gandun, wanda in motarka rajistar jihar ce akwai fas na dala 29 da ake haɗawa da sabunta lamba tun 2023. Quincy kuma na birni ne, kuɗin ƙofarsa daban. Ɗan littafin dokokinsu kyauta ne a duk kantin kayan kifi, ka karɓi na shekarar don kowane tafki da nasa sharaɗin.

In ka kwatanta da ɗan kwale-kwalen da ake kira kayak, kayak ya fi ta sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure iska, kuma ba ka cikin ruwa, amma sai kana da inda za ka ajiye shi da abin ɗaurawa a saman mota, ni kuma a bene nake haya, gorar in na sace iskar a ƙarƙashin gado take kwana. Wanda ke da gareji da kuɗi ya sayi kayak ko mai tif biyu dogaye da filafili. Wanda gwiwa ko ƙugu ke damunsa, ko mai ciwon zuciya, ya haƙura da ita a wannan watan, ya jira Yuni. Kogi kuma ko da wasa, ba a shiga ruwa mai gudu da ita, takalmin na iya maƙalewa a dutse ruwa ya danne ka.

Maki nawa zan ba ta? Gorar kanta 4 cikin 5, ɗinki da siffa da zaman sama sun ci, maƙallan kujera da zif da ma'aunin da ya tsaya a 18 sun ja ta baya. Tarkacen kyautar da aka cusa a kwalin 1, shi ma don facin ne.

In ka dawo gida kada ka naɗe ta a jiƙe. Ka buɗe zif ɗin ƙasa ka ɗauraye yashin da ke shiga tsakanin tif da riga, shi ne ke goge tif a hankali har ya huda shi, ka shanya ta a inuwa ta bushe ƙarau, wandon da takalman ma haka. Ba don wari kaɗai ba, jihar nan da gaske take kan ɗauko ƙwari daga wani ruwa zuwa wani, wata cutar da ke sa 'ya'yan kifi juyi ta kusa ƙarar musu da tirawut masu jan gefe a koguna a shekarun 1990, a 2022 kuma aka gano wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo mai zane, waɗanda ke mamaye ruwa, a tafkin Highline can yammacin jihar. Sannan kafin ka biya kuɗin kowace gora ka tambayi mai sayarwa ko ana samun tif ɗinta daban, ni na rubuta wa nawa ya ce sai dai in sayi sabuwa gaba ɗaya, don haka na sayi gam ɗin PVC na ajiye a aljihun hagu tare da facin nan biyu.